Maginin da Ya Kasa Gini: Sharhin Fim Ɗin The House That Jack Built

A watan Mayun 2018 aka fara nuna fim ɗin The House That Jack Built a bikin fina-finai na Cannes da ke ƙasar Faransa. Jaridu sun ruwaito cewa sama da mutum 100 ne suka tashi suka fice tun ana tsakiyar kallo, waɗanda suka daure har ƙarshe kuwa suka miƙe tsaye suna tafi. Tun daga wannan dare baki ya rabu a kan fim ɗin. Wasu na cewa ƙazanta ce aka yi wa ado da sunayen manyan masana. Wasu na cewa a nan ne mai ba da umarninsa, Lars von Trier ɗan ƙasar Denmak, ya fi faɗin gaskiya a kan kansa da sana'arsa.

A namu ganin, fim ɗin ya yi babban aiki guda ɗaya: ya warware wa mai kisa rawanin da fina-finai suka daɗe suna naɗa masa, ya bar shi da kai a buɗe, aka ga ashe sanƙo ne. Amma a hanyar yin hakan ya taka mutanen da bai kamata ya taka ba, kuma yana sane. Waɗannan abubuwa biyu za mu bi a wannan sharhi. Kafin nan ga faɗakarwa biyu. Wannan fim ba na yara ba ne, ba kuma na mai raunin zuciya ba. Sannan za mu faɗi yadda ya ƙare, domin hujjarsa a ƙarshen take.

Labarin a taƙaice

Fim ɗin ya ɗan haura sa'o'i biyu da rabi. Yana buɗewa da duhu, sai muryoyi biyu da motsin ruwa. Murya ɗaya ta Jack ce, wanda Matt Dillon ya fito a matsayinsa. Ɗayar ta wani dattijo ce mai suna Verge, wato Bruno Ganz, wanda ba za mu ga fuskarsa ba sai can kusa da ƙarshe. Tafiya suke yi zuwa wani wuri da ba a faɗa mana ba, Jack ya nemi izinin ya yi magana a hanya, dattijon ya ce ya yi, amma kada ya zaci zai faɗi abin da bai taɓa ji ba.

Jack injiniya ne da ke zaune a jihar Washington ta Amurka, tsakanin shekarun 1970 da 1980. Burinsa a duniya ya zama mai zana gine-gine. Ya sayi fili a bakin wani tafki, ya zana gidan da yake so, ya fara ɗora gini, ya ga bai yi masa ba, ya sa aka rushe. Ya sake, ya sake rushewa. A cikin shekaru 12 da yake wannan fama ya kashe mutum fiye da 60, yana tara gawarwakinsu a wani katafaren ɗakin sanyi da ya saya. Daga cikin kashe-kashen ya zaɓi guda biyar yana ba Verge labarinsu, yana ƙoƙarin gamsar da shi cewa kowanne aikin fasaha ne, kuma shi gwani ne da duniya ba ta gane ba. Har laƙabi ya raɗa wa kansa, Mr. Sophistication, wato mai gogewa da wayewa, yana rattaba shi a jikin hotunan gawarwakin da yake aika wa jarida.

Tsarin ke nan: labari, sai gardama, sai labari. Jack ya kawo hujja, Verge ya tanka masa, wani lokaci da raini, wani lokaci da gajiya irin ta wanda ya sha jin wannan surutu daga bakin dubban mutane.

Tsohuwar ƙarya mai farin jini

Domin a gane abin da von Trier ya yi, sai an tuna abin da ya tarar. A 1827 marubucin Ingila Thomas De Quincey ya wallafa wata maƙala ta zambo inda ya ƙaga wata ƙungiya da ke zama tana auna kisan kai kamar yadda ake auna zane ko waƙa. Shi da gatse ya yi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai fina-finai suka ɗauki gatsen da gaske. A fim ɗin The Silence of the Lambs na 1991, Hannibal Lecter likitan ƙwaƙwalwa ne, mai zana birnin Florence da ka, mai sauraren kiɗan Bach, wanda ya fi duk masu tsaronsa basira. A Se7en na 1995, mai kisan ya tsara ta'asarsa a kan manyan zunubai bakwai, kuma shirinsa ya tafi daidai har zuwa mataki na ƙarshe, 'yan sanda suna bin sawunsa kamar raƙumi da akala.

Abin da irin waɗannan fina-finai suka shuka a zukatan masu kallo shi ne cewa mai kisan gilla mutum ne na daban, mai zurfin tunani, wanda ya tsallake iyakar da sauranmu muke tsoro. Mai kallo yana ƙyamarsa, yana kuma sha'awarsa a ɓoye. Wanda aka kashe kuwa ya zama kayan aiki kawai, kamar allon da aka yi rubutu a kai.

Akwai wanda ya taɓa ƙalubalantar wannan tun da wuri. A 1960 Michael Powell ya yi Peeping Tom, labarin wani mai ɗaukar hoto da ke kashe mata yana naɗar tsoron da ke fuskarsu, ya kuma sa mai kallo ya leƙa ta cikin kyamarar mai kisan. Masu sharhi a Ingila suka yi masa ca, sana'arsa ba ta sake miƙewa a ƙasar ba. A wannan layi von Trier ya shiga, sai dai shi ya zo da makamin da Powell bai yi amfani da shi sosai ba, wato dariya.

Gwanin da bai iya komai ba

Duba kisan farko. Wata mata da motarta ta lalace, Uma Thurman ce ta fito a matsayinta, ta tare Jack a hanya saboda jak ɗinta na ɗaga mota ya karye. Ta matsa masa ya kai ta wurin maƙeri, tana ta zolayarsa cewa ya yi kama da masu kisan gilla, daga baya ta ce ta janye, ya cika lusari da zai iya kashe wani. Sai ya ɗauki karyayyen jak ɗin ya rotsa mata. Babu shiri a ciki, babu tsari. Zuciya ce ta ɗebi mutumin da aka taɓa wa girman kai. Sai bayan an gama ne yake neman sunan da zai sa wa abin, hoton fuskar matar ya narke ya koma wani zanen zamani. Fasahar daga baya ta zo, kamar turaren da ake fesawa a kan mushe.

Kisa na biyu ya fi tona asirinsa. Ya je ƙofar wata mata da mijinta ya rasu, ya ce shi ɗan sanda ne. Ta nemi shaida, ya ce bajonsa yana wurin maƙerin azurfa ana goge shi. Ƙaryar ta ƙi shiga, ya juya ya ce shi ma'aikacin inshora ne, zai iya sa a ƙara mata kuɗin fansho. Da ya samu shiga, shaƙewar ma ta gagare shi a karon farko. Bayan ya gama ya fito ya shiga motarsa, sai ciwon da ke damunsa ya motsa, wato waswasin tsafta. Zuciyarsa ta raya masa akwai ɗigon jini a ƙarƙashin fitila, ya koma ya goge. Ya fito, ta ce akwai a bayan hoton bango, ya koma. Ya fito, ta ce ƙarƙashin ƙafar kujera fa? Jiniyar 'yan sanda tana matsowa, shi yana shiga yana fita da tsumma a hannu. Duk wanda ya taɓa ganin mai waswasin alwala zai gane wannan azaba, kuma zai tsinci kansa yana dariya a inda bai kamata ba. Daga ƙarshe ya ɗaure gawar a bayan jar motarsa ya ja ta a kan kwalta, jini ya shata layi tun daga gidan har ƙofar ɗakin sanyinsa. Ko makaho zai iya bin wannan sawu. Sai kawai sama ta ɓarke da ruwa ta wanke titin tas.

A nan Matt Dillon ya nuna ƙwarewa. Bai ba Jack wani kwarjini ba. Ya ba shi murmushin da ke makara, da idon da ba ya tafiya tare da baki. Har akwai inda muka gan shi a gaban madubi ya liƙa hotunan fuskoki da ya yanko, yana koyon yadda ake farin ciki da yadda ake damuwa, kamar ɗalibin da ke haddar karatun da bai san ma'anarsa ba. Mai ɗaukar hoton fim ɗin, Manuel Alberto Claro, ya riƙe kyamara a hannu tana rawa, haske ba wani armashi, ta yadda kashe-kashen ba su samu ƙyallin da Jack yake riya musu ba. Abin da bakinsa ke faɗa daban, abin da idonmu ke gani daban. Yabon kai jahilci ne, in ji Bahaushe, kuma rabin fim ɗin a kan wannan tazara aka gina shi.

Gidan bakin tafki shi ne babbar shaida. Jack ya ce bambancin injiniya da mai zana gini kamar bambancin mai karanta kiɗa ne da mai kaɗa shi. Ya san lissafi, ya san kayan gini, yana da kuɗin gado, yana da fili. Abin da ya rasa shi ne abin da ke mayar da bango huɗu su zama gida, wato tunanin cewa wani zai zauna a ciki. Mutumin da bai ɗauki kowa mutum ba, wa zai gina wa ɗaki?

Hujjojin aro

Tsakanin kisa da kisa Jack yakan buɗe wa Verge karatu, fim ɗin kuma ya taya shi da tsofaffin hotuna da zane-zane. Yakan kawo Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, yana ta fama da kiɗan Bach a cikin gidansa, ya ce wannan shi ne fasaha. Yakan kawo manyan majami'un Turai da yadda aka ɗaga rufinsu, ya ce kayan aiki suna da nasu nufin, aikin gwani shi ne ya saurare su. Yakan ari damisa da ɗan rago daga waƙoƙin William Blake, ya ce kowanne an halicce shi cikakke, don haka kada a zargi mai farauta. Yakan yi bayanin yadda masu giyar inabi suke barin 'ya'yan inabi su sha sanyi, ko su bushe, ko wata irin fumfuna ta kama su domin zaƙinsu ya ƙaru, daga nan ya tsallaka ya ce ruɓewar gawa ma ɗaukaka ce.

Duk cikin hujjojin nan babu nasa ko ɗaya. Tsince-tsince ne, kuma kowanne yana da rami a tsakiya. Gould yatsunsa da lokacinsa ya sadaukar, bai taɓa jinin kowa ba. Damisa ba ta aika wa jarida hoto. Inabi ba ya da uwa. Verge ba ya ɓata lokaci wurin warware su ɗaya bayan ɗaya. Amsarsa mafi nauyi gajeriya ce: inda babu ƙauna babu fasaha, kuma wannan ba abin gardama ba ne.

Misali ɗaya ne na Jack ya tsaya da ƙafarsa, shi ma kansa ya kayar. Ya kwatanta rayuwarsa da mai tafiya da dare tsakanin fitilun titi biyu. Idan yana daidai ƙarƙashin fitila, lokacin kisa ke nan. Da ya wuce, inuwarsa ta gaba tana tsawo, wannan shi ne daɗin da yake ji. Yana matsawa kusa da fitila ta gaba, sai wata inuwar ta ɓullo a bayansa tana girma, wannan shi ne ƙunci, har ya kai inda ba zai iya jurewa ba sai ya sake kisa. Kwatance ne mai kyau. Sai Verge ya ce masa ai kowane mashayi zai iya ba da wannan labari. Da jimla ɗaya ya sauko da shi daga sahun gwanaye zuwa layin 'yan maye. Abin da Jack yake kira baiwa, jaraba ce.

Matan da aka hana suna

Yanzu ga inda muke da ja. A cikin labarai biyar ɗin, huɗu na farko mata ne a tsakiyarsu, kuma kusan dukansu an nuna su a matsayin masu gajeren tunani: mai surutun da ta jawo wa kanta, mai kwaɗayin fansho, uwar da ta bi saurayi daji da 'ya'yanta biyu, da budurwar da Jack ya ƙi kiranta da sunanta Jacqueline, yake ce mata Simple, wato sakara. Fim ɗin ya san da wannan. Verge da kansa ya tambayi Jack dalilin da ya sa duk matan labarinsa wawaye ne, ko don ya ji ya fi su ne. Ma'ana, muna ganinsu ne ta idon mai ba da labari, kuma mai ba da labarin maƙiyin mata ne.

Wannan amsa tana da ƙarfi, amma ba ta isa ba. Sanin laifi ba ya goge laifi. Idan marubuci ya sa wani a cikin labarinsa ya faɗi sukar da za a yi masa tun kafin a yi, bai amsa sukar ba, ya dai riga mai suka zama a kan tabarmarsa ne. Cikin sa'o'i biyu da rabi, Jack ya samu damar yin magana a kan komai, tun daga gine-gine har farauta. Matan kuwa ba wadda aka bari muka san abin da take so a rayuwa. Fim ɗin da ya zo ya ƙaryata masu mayar da mutum kayan aiki, shi ma da mutanen ya yi kayan aiki.

Labari na uku, na uwar da 'ya'yanta, shi ne inda abin ya fi muni, kuma ba za mu zayyana shi ba. Ya isa a ce Jack ya yi musu abin da maharba suke yi wa barewa da 'ya'yanta, yana bayanin ƙa'idojin farauta da murya a kwance. Abin da wannan fitowa take son tabbatarwa, cewa mutumin nan ba shi da ɗigon tausayi, an riga an tabbatar da shi tun a labari na biyu. Abin da aka ƙara a kai gwajin juriyar mai kallo ne. Waɗanda suka fice daga zauren Cannes a daidai nan ba su yi wauta ba.

Sai dai a labari na huɗu fim ɗin ya ba mu abin da ya fi komai tsaya mana a rai, kuma Riley Keough ce ta ɗauki nauyinsa. Jack ya faɗa wa Jacqueline ƙarara cewa ya kashe mutum 60. Ta fita da gudu ta samu ɗan sanda a cikin motarsa, ta gaya masa. Jack ya biyo ta yana ihu cewa gaskiya ta faɗa. Ɗan sandan ya dube su ya yanke hukuncin cewa buguwa suka yi, ya ja motarsa. Da suka koma ɗaki ta ga an yanke wayar tarho, ƙofa a kulle. Jack ya ce ta yi ihu. Ta yi. Ya buɗe mata taga, ya taya ta. Dogon gini cike da mutane, ba wanda ya leƙo. A wannan wuri tsoron da ke fuskar Keough ya fi ƙarfin sunan da Jack ya laƙaba mata, ta zama mutum duk da ƙoƙarinsa. Kuma a nan muka gane sirrin shekaru 12 da ya yi ba a kama shi ba. Ba wayonsa ba ne. Maƙwabta ne da suka ƙara murya a talabijin, da jami'in da ya ga mace tana kuka ya ce giya ce. Wannan tuhuma ta wuce Jack, ta wuce Amurka, ta iso duk unguwar da aka taɓa jin kururuwa da dare aka ce ba ruwanmu, tsakanin miji da mata ne.

Darakta a cikin rigar Jack

Ba za a fahimci fim ɗin ba sai an san abin da ya faru a 2011. A wannan shekara, a taron manema labarai na fim ɗinsa Melancholia a Cannes, von Trier ya yi wata shashashar magana cewa yana fahimtar Hitler. Ya ba da haƙuri, amma masu bikin suka kore shi, shi da ya taɓa lashe babbar kyautarsu a 2000 da fim ɗin Dancer in the Dark. Shekara bakwai bai dawo ba, kuma da wannan fim ya dawo.

Shi ya sa idan Jack ya fara yabon Albert Speer, mai zana wa Hitler gine-gine, da ra'ayinsa na a yi gini ta yadda ko ya rushe kufansa zai yi kyau, mai kallo ya san ba Jack kaɗai ke magana ba. Haka idan ya yaba jiniyar da Jamusawa suka ɗaura wa jiragen yaƙinsu na Stuka don firgita mutane. Zaɓen Bruno Ganz ma ba banza ba ne, domin shi ne ya fito a matsayin Hitler a fim ɗin Downfall na 2004, ga shi yanzu an ba shi aikin muryar lamiri. Ganz ya rasu a Fabrairun 2019, wannan na cikin ayyukansa na ƙarshe. Sannan a tsakiyar gardamar, sai ga gutsattsarin fina-finan von Trier na baya suna wucewa, daidai lokacin da Jack yake ƙaryata masu cewa muguntar da ake nunawa a ƙagaggen labari mafita ce ga abin da mutum ba zai iya aikatawa a zahiri ba.

Darakta ya ɗora kansa a kan ma'auni ke nan. An daɗe ana zarginsa da azabtar da mata a labaransa, ga shi ya haɗa kansa da mai kisa yana tambaya: ni ma haka nake? Akwai jarumta a cikin wannan. Akwai kuma wayo, domin wanda ya riga kowa zagin kansa ya rage wa masu zagi kaifi. Inda muka ga ya wuce gona da iri shi ne inda ya kawo hotunan gaske na gawarwakin sansanonin 'yan Nazi. An ambaci itacen nan da ake dangantawa da mawaƙin Jamus Goethe, wanda aka bari tsaye a tsakiyar sansanin Buchenwald kusa da garin Weimar, inda mutum kusan 56,000 suka hallaka. Tambayar da itacen yake ɗauke da ita babba ce: yaya al'ummar da ta haifi irin wannan adabi ta gina irin wannan wuri a inuwarsa? Amma mutanen da ke cikin hotunan nan ba 'yan wasa ba ne. Ba a tashe su bayan an kashe kyamara ba. Jawo su cikin rigimar wani darakta da masu sukarsa rashin ta-ido ne, ko da niyyar ta yi kyau.

Gidan da ramin da ke ƙarƙashinsa

A labari na biyar Jack ya jera maza a ɗakin sanyi, yana so ya gwada ko harsashi ɗaya zai iya ratsa kawunansu duka. Ko a nan sai da aka sayar masa da harsashin da ba shi ya nema ba, ya bar su ya tafi rigima da mai shago. Da ya dawo, ɗakin ya yi masa kaɗan, ya kasa saita bindigar. Akwai wata ƙofa a cikin ɗakin da ta ƙi buɗuwa tun farkon fim, sai a wannan rana ta buɗu. A ciki ya tarar da Verge zaune. 'Yan sanda suna yanka ƙofar waje, dattijon ya tuna masa da alkawarin gida, ya kuma tuna masa da maganarsa cewa a bar kayan aiki su yi magana. Jack ya waiga. Kayan aikin da ya tara shekara 12 su ne gawarwaki. Da su ya yi gininsa, shi ne kaɗai gidan da ya taɓa kammalawa, kuma a tsakar ɗakin akwai rami.

Daga nan fim ɗin ya sauya kama. Verge ashe Virgil ne, mawaƙin Rum na dā, wanda Dante ɗan Italiya ya mayar jagoransa zuwa wuta a cikin dogon waƙensa na farkon ƙarni na 14. Wutar da za mu gani ta adabin Turai ce, yadda Dante da masu zane suka ƙaga ta. Jack yana sanye da jar riga da ya cire daga gidan wani da ya kashe, har aka tsayar da su a cikin kwalekwale aka maimaita shahararren zanen Eugène Delacroix na 1822. Kyamarar da ta yi ta rawa ta natsu. Kyawun da Jack ya yi ta nema bai samu ba, sai a hanyar wuta fim ɗin ya ba shi.

A kan hanya suka tsaya a wata taga. Ta ciki Jack ya hango fili mai haske, maza suna yankan ciyawa da lauje, hannuwansu suna tafiya tare kamar numfashi. Abin da yake kallo ke nan yana yaro, shi ne kaɗai abin da ya taɓa ƙauna. Verge ya ce nan ba su da izinin shiga. Hawaye ya zubo wa Jack. Aikin mutanen nan ba sa hannun kowa a jikinsa, ba a kai shi jarida, amma ana yin sa tare kuma ana ci daga gare shi. Idan fim ɗin yana da amsa ga tambayar mene ne fasaha, a wannan taga take.

A can ƙasa akwai karyayyar gada, a ƙetarenta akwai matakalar fita. Verge ya ce da yawa sun gwada bin bango su zagaya, ba wanda ya kai. Wurin da aka tanadar wa Jack ma bai kai nan zurfi ba. Amma mutumin da ruwan sama ya taɓa wanke wa sawu ya saba ganin doka ba ta hawa kansa. Ya kama bango, ya faɗa. Tun da farko ya ce abin da ya fi so a hoto shi ne negatif, ainihin fim ɗin da masu hoto na dā suke wanke hoto daga jikinsa, inda haske yake komawa baƙi. Da ya faɗa, hoton ramin ya juye haka, sai wata waƙar raha ta tashi ana korar wani mai suna Jack. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Mu masu kallo da karatu a Hausa mun saba tambayar darasin labari, kuma hankalinmu yakan kwanta idan mugu ya gamu da sakamakonsa. Ta wannan ma'auni fim ɗin ya cika sharaɗi, tunda har wuta aka raka mugun. Amma shi kansa ya nuna ma'aunin bai wadatar ba. Hukuncin minti goma na ƙarshe ba ya wanke abin da ido ya sha kallo sa'o'i biyu. Marubucin da zai ƙagi azzalumi, a fim ne ko a littafi, tambayar da ke gabansa ita ce wa ya ba murya, wa kuma ya hana. Von Trier ya ƙwace wa mai kisa kwarjini, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma bayan an ga Jack da tsummansa zai yi wuya a sake kallon Hannibal Lecter da irin idon dā. Da ya ba Jacqueline rabin lokacin da ya ba Albert Speer, da fim ɗin ya kai inda ya nufa.